Sassauta wa Furosesan Nan, Ɗana

Ɗana, na buɗe kwamfutar da ka aiko a duba maka, na kuma ga abin da ba ka faɗa wa ɗan aiken ba. Cewa ka yi wai haka kawai take ɗaukewa a tsakiyar aiki. Ba haka kawai ba ne. Na shiga BIOS na tarar an ɗaga lambar ninki zuwa 51, an kafe boltej a 1.4, saitin LLC kuma an kai shi ƙarshen bene. Kwamfuta ba ta yi wa kanta wannan. Ba faɗa zan yi maka ba, domin kan da ya kai ka cikin BIOS kai ne mai ja, kuma a cikin sa'anninka ba kowa ya san da ƙofa a wurin ba. Amma tunda ka buɗe ta, sai ka zauna ka ji abin da ke bayanta. Gobe kuma idan za ka kai wa mai gyara kaya, ni ne ko wani, ka faɗa masa abin da ka taɓa. Ranar wanka ba a ɓoye cibi.

Mu fara da lissafi, tunda shi ne abin da masu bidiyon da ka kalla suka tsallake. Furosesanka Core i5-12600K ne, wanda Intel ta fitar a ƙarshen 2021. Gudunsa daga abu biyu yake fitowa: agogon tushe mai bugawa sau miliyan 100 a daƙiƙa, da lambar da ake ninka shi da ita. Idan aiki mai nauyi ya kama manyan ƙwayoyinsa shida gaba ɗaya, da kansa yakan tsaya wajen gigahaz 4.5, wato ninki 45, a boltej kusan 1.2. Kai ka ce a'a, 5.1 kake so. Da ya ƙi tsayawa sai ka yi ta ƙara masa wuta har ya yi shiru, ka ɗauka ya yarda ne.

Zafin da furosesa ke fitarwa yana tafiya kafaɗa da kafaɗa da gudu: ka ƙara gudu kashi 10 cikin 100, zafi ya ƙaru kashi 10. Boltej kuwa ba haka yake ba, shi sau biyu yake shiga lissafin, ana ninka shi da kansa. Daga 1.2 zuwa 1.4 a ido ba komai ba ne. Amma 1.2 sau 1.2 ya ba ka 1.44, shi kuwa 1.4 sau 1.4 ya ba ka 1.96. Ka ga zafi ya ƙaru da kashi 36 tun ba a zo maganar gudu ba. Ɗora ƙarin gudun da ka yi, kashi 13, sai ka tarar zafin ya ƙaru da fiye da rabi. Abin da ke cin wat 140 ya koma cin sama da 210. Ƙarfen narka dalma da ke kan teburina wat 40 ne, ka kuma san yadda yake yi wa yatsa. Irinsa biyar ka tara a kan ɗan guntun silikon da bai kai tsohon katin SIM girma ba, ka ɗora masa ƙaramar fanka, ka ce ya yi haƙuri.

To me ka samu? Bidiyon bikin da ke ɗaukar awa guda kafin ya fita, idan komai ya tafi yadda kake so, zai fita a minti 53. Minti bakwai ke nan. Wannan ma a takarda ne, domin tace bidiyo ba aikin furosesa kaɗai ba ne, akwai RAM, akwai katin hoto, akwai faifan ajiya, kowanne da nasa jan ƙafar. A zahiri ko bakwai ɗin ba ka samu ba. Furosesan yana da iyakar zafi, digiri 100, kuma da ya taɓa ta yake rage gudunsa da kansa don kada ya ƙone. Na sa kwamfutar aiki ina kallon manhajar HWiNFO. Kafin shayina ya huce zafin ya manne a 100, gudun ya rinƙa zamewa yana dawowa, wani lokaci har ƙasa da inda kamfani ya bar shi. Lambar 51 tana nan daram a BIOS, ita kake nuna wa abokai, aikin kuwa a ƙasa da 45 ake yin wani sashensa.

Na san inda sha'awar ta samo asali, kuma tana da asali. A 1998 Intel ta fitar da wani furosesa mai araha, Celeron 300A. Mutane suka gano cewa idan aka ɗaga agogon madabod daga megahaz 66 zuwa 100, gudunsa yakan tashi daga 300 zuwa 450. Ƙarin rabin gudu kyauta, talaka ya kamo mai Pentium II. A 2011 ma Core i5-2500K ya zo da gigahaz 3.3, kuma da yawa sun kai nasu 4.5 da fanka ta kirki, suka yi shekaru a haka. Labaran nan gaskiya ne, su ne kuma har yau ke zuga yara. Abin da ba a gaya muku shi ne a wancan zamani kamfani yana barin sarari mai faɗi tsakanin abin da ya rubuta a kwali da abin da furosesan zai iya. Gasar Intel da AMD ta cinye wannan sarari. Furosesan yau yana auna zafinsa da wutarsa da kansa, ya ɗaga gudu idan da hali, ya sauke idan babu. Naka, ba tare da ka taɓa komai ba, yana kai 4.9 a aiki mara nauyi. An riga an yi maka ƙarin gudun tun daga masana'anta. Ɗan abin da ya rage a sama shi ne mafi tsada, da zafi ake biyansa.

Idan kana ganin tsoron tsufa ne ke sa ni wannan magana, duba abin da ya sami masu ƙera abin da kansu. A watan Afrilun 2023 aka fara ganin furosesoshin Ryzen 7000, musamman masu lambar X3D, suna ƙonewa a cikin soket, bayansu ya kumbura, madabod ma ya tafi. Da aka bi diddigi sai aka gano wasu madabod suna tura wa sashen da ake kira SoC boltej fiye da kima, galibi bayan an kunna saitin ƙara gudun RAM. AMD ta fitar da sabon BIOS da ya hana wannan boltej wuce 1.3. Shekara na zagayowa sai ga Intel da tata: manyan furosesoshinta na ƙarni na 13 da na 14, irin su 13900K da 14900K, suka rinƙa faɗuwa a hannun mutanen da ba su taɓa komai ba. A 2024 kamfanin ya amsa cewa furosesan ne da kansa ke neman boltej mai yawa, kuma wutar na cin sa a hankali. A watan Agusta suka fitar da gyaran da ya hana neman sama da 1.55, a Satumba suka ƙara wani, suka kuma tsawaita garanti da shekara biyu. Gyaran nan yana kare wanda bai lalace ba ne. Wanda ya riga ya ci wuta, sai dai canji. Kamfanoni masu dubban injiniyoyi da ɗakunan gwaji sun yi tuntuɓe a kan ɗigon boltej. Gani ga wane, ɗana.

Kada ka ce mini ai 1.4 bai kai 1.55 ba, na san kanka. Wancan iyaka ce ta ɗan lokaci, ƙwaya ɗaya ko biyu a aiki mara nauyi. Boltej shi kaɗai ba shi ne magana ba. Haɗuwarsa da yawan wutar da ke gudana da kuma zafi ita ce ke kisa. Naka duka ukun sun haɗu, awa bayan awa.

Ga yadda kisan yake. A cikin furosesa akwai wayoyin ƙarfe da suka fi gashin kai siranta sau dubbai. Wutar da ke bi ta cikinsu tana ture ƙwayoyin zarrar ƙarfen daga mazauninsu, kaɗan-kaɗan, nan ya zaizaye, can ya taru. Tun 1969 wani injiniyan Motorola mai suna James Black ya rubuta lissafin tsawon ran irin waɗannan wayoyi, kuma abu biyu ne ke gajarta shi: yawan wuta da zafi. Su kansu tiransistocin suna tsufa da wuri a irin wannan yanayi. Ba hayaƙi za ka gani ba, ba ƙauri za ka ji ba. Sai dai gudun da yake riƙewa a 1.30 bara, bana ya ce sai 1.35. Ka ƙara masa, tsufan ya ƙara sauri. Wata rana ka mayar da komai yadda kamfani ya bari, ya ƙi tsayawa ko a haka. Wannan ba ya gyaruwa a teburina, ba ya gyaruwa a teburin kowa. Garanti kuwa, Intel ta faɗa a fili cewa taɓa gudu ko boltej na iya soke shi. Har wani inshora na daban ta taɓa sayar wa masu wannan sha'awa, ta daina a 2021. Balle kai da naka ya biyo hannun 'yan kasuwa daga Dubai. Garantinka ya ƙare ne ranar da ka sa ƙafa a wajen shago.

Abin da ya fi ba ni takaici ba ƙara gudun ba ne, kwafar lambobin wani da ka yi ne. Furosesa biyu masu suna ɗaya, daga faranti ɗaya na silikon, ba sa zama daidai. Wani ya riƙe 5.1 a bolt 1.28, ɗan'uwansa ko an ba shi 1.4 yana tangaɗi. Masu harkar ma caca suke kiran abin. Mutumin da ya hau YouTube yana nuna nasa, wanda ya dace ne. Waɗanda ba su dace ba ba sa yin bidiyo.

Sannan a wane ɗaki yake zaune? Na'urar sanyaya, ta iska ce ko ta ruwa, ba ta ƙirƙirar sanyi. Kwashe zafi take yi ta zuba wa iskar ɗaki. Duk digirin da ɗaki ya ƙaru, furosesa ma ya ƙaru da shi. Shi mutumin naka yana Jamus ko Kanada, a ɗaki mai digiri 22. Idan nasa ya tsaya a 80, naka a ɗaki mai digiri 38 zai tsaya wajen 96, ko da kayanku iri ɗaya ne tun daga fanka har zuwa sukuru. Ka kuwa san Afrilun Kano, digiri 40 ba baƙo ba ne, ga shagon naka rufin kwano babu silin. Ƙanenka ya ce a watan Janairu ka yi saitin, lokacin da muke kwana da bargo. Shi ya sa ta yi maka biyayya wata biyu sannan ta fara bore. Silikon mai zafi ya fi yoyon wuta, yoyon ya ƙara zafi, zafin ya sa gudun da ke tsaye jiya ya fara rawa yau. Duk saitin da ba a gwada shi da rana tsaka a bazara ba, a ƙasarmu ba a gama gwada shi ba.

Da na cire ƙarfen sanyayar, ga abin da na tarar. Ƙurar hunturu ta yi tabarma a gaban siraran farantansa. Na ɗago ta da yatsa biyu ta fito a haɗe, ko karyewa ba ta yi ba. Fanka tana ta juyi a bayanta, iska ba ta wucewa. Man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen kuma, gefe ɗaya ya matse har ƙarfe na gani, ɗaya gefen ya yi kauri ya malalo zuwa bakin soket. Wannan alama ce ta ka ɗaure sukuru biyu na gefe guda tamau kafin ka taɓa sauran. A giciye ake ɗaure su, juyi biyu nan, juyi biyu can, har su zauna tare. Shi man ba sanyi yake bayarwa ba, cike 'yan ramukan da ido ba ya gani yake yi don kada iska ta maƙale tsakanin ƙarfe da ƙarfe. Kamar girman ƙwayar wake ya isa. Na gode Allah dai ba makilin ka shafa ba, don na sha ganin masu yin haka, kwana biyu ya bushe ya zama alli. Kuma kada wani ya zuga ka ka sayi man nan mai sheƙi na ruwan ƙarfe. Galiyam ne a cikinsa, yana ɗaukar wuta, ɗigo ɗaya a kan madabod ya isa, kuma yana cinye alminiyam.

Babanka ya ce ka roƙe shi kuɗin na'urar sanyaya mai ruwa. Na ce masa ya dakata. Ba wai ba ta aiki ba ne. Famfo ne ke zagaya ruwa daga kan furosesa zuwa lagireto, fankoki su hura, kuma babba mai fanka uku ta fi yawancin na iska kwashe zafi. Amma ruwa yana jinkirin ɗumi, shi ya sa take yaudarar masu gajen gwaji: minti biyar na farko ka ga 70 ka yi murna, bayan rabin awa ruwan ya ɗumama, gaskiya ta fito. Lagireton yana kama ƙura fiye da komai. Famfon kuma idan zai mutu ba ya sallama, kuma ba a kowane shago za ka sami madadinsa ba. Babban ƙarfen sanyaya mai hasumiya biyu, irin Noctua NH-D15 ko masu kama da shi da suka fi araha, abin da zai iya mutuwa a jikinsa fanka ce kawai, ita kuwa ko a kasuwar Beirut ta nan Kano ka same ta. A wurina shi ya fi dacewa da mu. Ka kuma ciro akwatin daga cikin lokar teburin nan da ka cusa shi. Iska ta shiga ta gaba ta fita ta baya da sama, ba ta rinƙa shaƙar numfashinta ba.

Su kuwa waɗanda ka ga sun haura gigahaz 9 da 13900K a ƙarshen 2022, wasa ne daban. Masu irin wannan gasa ruwan naitirojin suke tsiyayawa, mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifili, wasu har da ruwan hiliyam da ya fi shi sanyi. Sukan kashe yawancin ƙwayoyin, su riƙe gudun na ɗan lokacin da za a ɗauki shaida, shi ke nan. Ba wanda ke tace bidiyon amarya a kan wannan injin.

Akwai wani wurin da ba ka duba ba sam. Fawafak bolt 12 yake aikowa, jerin ƙananan na'urorin da ke kewaye da soket, waɗanda ake kira VRM, su ke sauko da shi zuwa ɗaya da ɗigo. Raba wat 210 da bolt 1.4 ka gani: amfiya 150 ke ratsa waɗannan 'yan abubuwa. Suna da nasu zafin, suna da nasu ma'aunin a HWiNFO, kuma idan suka gaji su ma sukan ja wa furosesa birki. A nan ne LLC ya shigo. Idan nauyi ya hau furosesa, boltej yakan ɗan sauka. Kai ka ga saukar ka ɗauka cuta ce, ka kai saitin ƙarshe don ya tsaya cak. Da gangan aka bar saukar nan. Lokacin da nauyi ya sauka farat ɗaya, VRM ba ya iya janye wuta nan take, sai boltej ya yi tsalle sama na ɗan ƙiftawar da manhaja ba ta iya kamawa, sai na'urar awo ta musamman. Saukar da aka bari ita ce sararin da tsallen ke faɗawa. Ka cire ta, tsallen ya tashi daga 1.4 ya yi sama, kai kuma kana kallon allo yana ce maka lafiya lau. Matsakaicin saiti ake bari.

Wutar da muke sha ma ba ta taimaka maka. Yanzu ta layi, an jima ta janareta, an jima ta batir. Fawafak mara suna da ka haɗa da wannan furosesa shi ne abu na farko da zan canza, kafin fanka ma. Ƙarin wat 70 ɗin nan kuma daga batirin solarka yake fita. Da dare za ka ji shi.

Yanzu maganar da ta sa na zauna na rubuta duk wannan. Ka ɗauka idan kwamfuta ta kunnu, Windows ya buɗe, Cinebench ya ba da maki mai yawa, to saiti ya zauna. Cinebench awon gudu ne, ba shaidar lafiya ba ce. Furosesan da ke bakin iyakarsa ba kullum yake faɗuwa ba. Wani lokaci yakan yi lissafi ya kuskure, ya wuce abinsa, ba shuɗin allo ba komai. Sifili ɗaya ya zama ɗaya a cikin biliyoyi. Idan a wasan kwamfuta ne, ba wanda ya yi asara. Amma kai bidiyon bikin mutane kake kwafewa daga kati zuwa faifai, kana tacewa, kana goge katin don biki na gaba. A kwamfutar taka na ga kurakuran WHEA sun taru, wato furosesan da kansa yana kai ƙarar cewa ya yi tuntuɓe ya gyara. Waɗanda bai kama ba kuwa, Allah kaɗai ya san inda suka sauka. Mahaifiyarka ta gaya mini wata mata ta dawo da faifai ta ce hoton yana yayyagewa daidai wurin kamu. Ba zan rantse cewa saitinka ne ya yi ba. Amma kai ma ba za ka iya rantsewa ba shi ba ne. Biki ba a maimaita shi, ɗana. Injin da ake ɗora amanar mutane a kansa ba wurin gwaji ba ne, kuma garin neman gira bai kamata a rasa idon wani ba.

Ban ce ka daina koyo ba. Idan kana so ka iya abin nan da gaske, ga yadda masu iyawa ke yi. Na riga na cire batirin madabod, ɗan faifan nan CR2032, komai ya koma yadda aka ƙera shi; ka san wannan hanyar don ranar da allo zai ƙi kawo haske. Daga nan sai ka sayi littafi na takarda. Kafin ka taɓa komai, ka auna injin a yadda yake: zafin ɗaki, zafin furosesa, boltej a ƙarƙashin nauyi, wat nawa, da mintin da wani bidiyo guda ke ɗauka. Wanda bai san inda ya tashi ba, ba zai san ko ya yi gaba ba. Sannan abu ɗaya ake canzawa a lokaci guda, mataki ɗaya na ninki, ko ɗigon boltej kamar 0.01, a gwada, a rubuta. Kai ka canza uku a zama ɗaya, da ta faɗi ba ka san wanne za ka kama ba. Kada kuma ka bar boltej a Auto alhali ka ɗaga ninki, domin madabod ya fi son ya ba da fiye da kima da a ce ya gaza.

Gwaji kuma da manhajar da ke duba amsa ake yinsa. Prime95, wadda George Woltman ya rubuta don farautar manyan lambobin da ba sa rabuwa, tana ba furosesa lissafin da aka riga aka san amsarsa. Ya kuskure ɗigo ɗaya, ta tsaya ta faɗa. OCCT ma haka. Awanni ake barinsu, ba mintuna ba, ido na kan zafi, hannu na kusa da tsayarwa. RAM ɗinka ma, tunda ka kunna XMP, ka sani shi ma ƙarin gudu ne. Wannan na sake kunna maka shi don yana da amfani a aikinka, amma sai ya kwana a MemTest86 ba kuskure ko ɗaya. Ni a teburina ba na sallamar injin da ke wuce digiri 85 a aikinsa na kullum a watan zafi. Wannan ba dokar Intel ba ce, tawa ce, don in bar wa ƙura da tsufan mai wurin zama.

Idan kuma hannunka na ƙaiƙayi sai ka murɗa wani abu, murɗa shi baya. Kamfani yana ba kowane furosesa boltej da ɗan rara, don ko wanda bai dace ba ya tsaya. Ka bar gudu inda yake, ka rage boltej da 0.03, ka gwada, ka kai 0.05, ka gwada. Lissafin nan na ninki da ya cuce ka ɗazu, yanzu kai yake yi wa aiki: kowane ɗigo da ka rage sau biyu yake fita daga zafi. Furosesa ya yi sanyi, ya daina taɓa iyaka, ya riƙe gudunsa tun daga farkon bidiyo har ƙarshe, fanka ta yi shiru, batir ya kai asuba. Masu Ryzen suna yin irin wannan da abin da ake kira Curve Optimizer. Shi ma yana da tarkonsa: injin da aka rage wa wuta da yawa sau da yawa ba a tsakiyar aiki yake faɗuwa ba, sai yana zaune ba ya komai, ko lokacin da ka buɗe burauza. Don haka bayan gwajin nauyi, ka bar shi kwana biyu uku a ƙananan ayyuka kafin ka amince masa da katin kowa. Wannan aiki ya fi ƙara gudu wuya, ya fi shi buƙatar haƙuri, kuma ba lambar da za ka nuna wa abokai.

Maganar abokai ta tuna mini. Na ji ka saita wa wasu daga cikinsu nasu da lambobin nan naka, har ɗaya ya ba ka na kati. Ka bi su ɗaya bayan ɗaya cikin makon nan ka mayar musu da komai yadda yake, ka gaya musu dalili da bakinka, wanda ya ba ka kuɗi ka mayar masa. Matar nan da ta dawo da faifai kuma ka duba ko asalin bidiyonta yana nan a wani wuri. Idan yana nan, ka sake fitar mata da shi kyauta ka kai mata har gida. Ranar Asabar bayan la'asar ka zo da littafinka da sabon mai, kai za ka shafa, kai za ka ɗaure sukurun, ni ina gefe. Ka gaishe da mutanen gidan.